Daga bakin ruwa zuwa asibiti: Giɓin da ke cinye waɗanda aka tsamo da sauran numfashi

Daga Matameye, jihar Damagaram

Ranar Talata, 30 ga Nuwamban 2021, da yamma, wani jirgin fito ya taso daga ƙauyen Badau zai tsallaka madatsar ruwa ta Watari zuwa garin Bagwai a jihar Kano. Akasarin fasinjojin ɗaliban Islamiyya ne masu shekara 8 zuwa 15, za su wajen taron Mauludi. Jirgin bai kai gaɓa ba. Zuwa washegari an tsamo gawa 29.

Hukumar kashe gobara ta Kano ta ce jirgin na manya 12 ne, amma aka loda masa fiye da mutum 40. Gwamnatin Abdullahi Ganduje ta dakatar da fito a madatsar, ta kafa kwamitin bincike. 'Yan kaɗan da aka tsamo da rai kuwa sai da aka ɗauke su zuwa babban asibitin Bichi. Kuma ba wannan ne karon farko ba, domin a 2008 ma ruwan Bagwai ya ci gomman 'yan rakiyar amarya.

Duk lokacin da irin wannan ta faru, maganar da ake yi ba ta wuce uku: lodi ya yi yawa, babu rigar kariya, an yi tafiyar dare. Duka gaskiya ne. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba. Yaron da masunta suka tsamo suka shimfiɗe a kan rairayi, jikinsa da ɗumi amma ba ya numfashi, wa ke tsaye a kansa? Me ya iya? Kuma minti nawa ne tsakaninsa da wurin da ke da iskar oksijin?

Jerin da ba ya ƙarewa

A Satumban 2017 jirgin da ya ɗauko 'yan kasuwa daga Gaya a jihar Dosso ya kife a kogin Kwara a hanyarsa ta zuwa kasuwar Lolo a jihar Kebbi, aƙalla mutum 33 suka rasu. A Fabrairun 2019 wani ya kife a kusa da Sambera, shi ma a jihar Dosso, ɗauke da masu zuwa cin kasuwa daga Benin, fiye da mutum 40 suka ɓace. Ranar 26 ga Mayun 2021 jirgin da ya nufi Warra a ƙaramar hukumar Ngaski ya tsage a tsakiyar ruwa da mutum wajen 180, waɗanda aka ceto ba su fi 20 da wani abu ba. A Afrilun 2022 mutum 29 daga Gidan Magana suka nutse a yankin Shagari na jihar Sakkwato, shekara na zagayowa yara 15 daga Dandeji suka bi bayansu a hanyar neman itace. Sai Gummi a Satumban 2024. Sai Goronyo ranar 17 ga Agustan 2025, inda hukumar agajin gaggawa ta Najeriya, NEMA, ta ce da farko ana neman fiye da mutum 40.

A kusan dukkan waɗannan wurare, waɗanda suka fara faɗawa ruwa su ne masunta da 'yan fito da samarin gari da suka iya iyo. Jami'ai kan iso daga baya, wani lokaci bayan sa'o'i, a lokacin da aikin ya riga ya koma neman gawa.

Haka abin yake ko a manyan jirage. Lokacin da jirgin Joola na ƙasar Senegal ya kife a gaɓar tekun Gambiya da daren 26 ga Satumban 2002, masunta ne a cikin kwale-kwalensu suka fara tsinto waɗanda suka tsira. Agajin hukuma bai iso ba sai da gari ya waye har rana ta ɗaga. Mutum 1,863 gwamnati ta ƙirga sun mutu, 64 kacal suka rayu.

Minti biyar, minti goma

Abin da ke kashe wanda ya nutse shi ne rashin iska. Da zarar numfashi ya tsaya, ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida. Wani sharhi da mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga a 2012 ya fito da lissafin fili: wanda aka fitar daga ruwa cikin minti biyar, haɗarin ya mutu ko ƙwaƙwalwarsa ta samu mummunar illa kashi 10 ne cikin 100. Daga minti 6 zuwa 10 haɗarin ya haura zuwa kashi 56. Daga minti 11 zuwa 25 ya kai kashi 88. Bayan nan sai dai ikon Allah.

Babu motar asibitin da za ta iso Badau ko Gidan Magana cikin minti goma, ko da a ce direban na zaune a ciki da makulli a hannu. Ke nan likitan farko na wanda ya nutse shi ne mutumin da ya tsamo shi.

Abin da akasarinmu muka taso muka ga ana yi shi ne a kifa mutum, a danna masa ciki, ko a ɗaga yaro ta ƙafa a girgiza shi wai ruwan ya fito. Likitoci sun daɗe da hana wannan. Ruwan da ke fita ta wannan hanya na tumbi ne, ba na huhu ba, kuma dannawar kan jawo amai, aman ya koma hanyar iska ya ƙara toshe ta. Ga kuma mintunan da aka ɓata.

Abin da ake koyarwa a horon agajin farko ba shi da wuyar riƙewa. A kwantar da mutum rigingine a wuri mai tauri, a ɗan tanƙwasa kansa baya a ɗaga haɓarsa, a duba ko yana numfashi. In ba ya yi, a toshe masa hanci a hura masa iska ta baki sau biyar, ana kallon ƙirjinsa yana tashi. Sannan a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 30, da saurin dannawa 100 zuwa 120 a minti, a hura iska sau biyu, a koma dannawa, haka-haka ba tsayawa har ya farfaɗo ko ma'aikacin lafiya ya karɓa. Ga babba hannu biyu, ga yaro hannu ɗaya ya isa, ga jariri yatsu biyu. In kuwa yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi.

Maganar lulluɓi ba ƙarama ba ce. Hatsarin Bagwai ya faru ne a farkon hunturu, da yamma. Sanyin ruwa kan sa jijiya ta yi rauni har wanda bai ƙware ba ya kasa jin bugunta, ya ɗauka rai ya yi halinsa. A garuruwanmu kuwa, da zarar wani dattijo ya taɓa ya girgiza kai, sai a fara salati, a ja mayafi a rufe fuska. Gaggauta jana'iza sunna ce, babu mai jayayya. Amma yanke hukuncin cewa an mutu aikin wanda ya san aikin ne, kuma a bakin ruwa da wuya a same shi.

Akwai kuma wanda ya farfaɗo, ya yi tari, ya miƙe, aka ce alhamdulillahi aka kai shi gida. Ruwan da ya shiga huhu yana iya kumbura shi sannu a hankali, numfashi ya riƙa yin wuya bayan sa'o'i. Shi ya sa likitoci ke son duk wanda ya shaƙi ruwa a ajiye shi a asibiti ana dubansa na tsawon sa'a shida zuwa takwas, musamman mai tari, ko mai haki, ko wanda kumfa ke fita a bakinsa.

Doka ta tsaya a bakin teku

A manyan jiragen teku akwai ƙa'ida. Yarjejeniyar ma'aikatan jiragen ruwa ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 2006 ta ce jirgin da ke ɗaukar mutum 100 ko fiye a tafiyar ƙasa da ƙasa da ta wuce kwana uku dole ya ɗauki likita. Wanda bai kai haka ba dole a samu a cikinsa ma'aikaci mai horon agajin farko, da akwatin magani, da hanyar neman shawarar likita ta rediyo dare da rana. Amma yarjejeniyar ba ta shafi jiragen da ke aiki a koguna da tafkuna kaɗai ba. Jirgin Warra ya ɗauko mutanen da suka kusa ninka wancan adadi na 100, ba tare da wata doka ta duniya ta tilasta masa ko da bandeji ba.

A Najeriya hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, ta fitar da ƙa'idojin sufuri da suka wajabta rigar kariya, suka hana tafiyar dare da lodi fiye da kima. A 2025 ma'aikatar harkokin teku ƙarƙashin Adegboyega Oyetola ta fara rabon riguna 42,000 ga jihohi 12. Abin a yaba ne, domin riga ita ce ke hana kai nutsewa tun farko. To amma riga ba ta hura wa kowa iska. Haka kuma akwai shirin motocin ɗaukar marasa lafiya na ƙasa, NEMSAS, wanda aka fara a 2022, yake biyan kuɗin jinyar sa'o'i 48 na farko. Shi ma sai majinyaci ya kai ga mota kafin ya ci moriyarsa.

Matameye ba kogi, amma akwai ruwa

Mai karatu na iya cewa ina ruwan Matameye da jirgin fito. Garin na kan tudu ne, kusan kilomita 90 daga birnin Damagaram, a kan hanyar da ta taso daga Takieta ta bi ta Ɗan Barto ta shiga Kwangwalam da Daura. Babu kogin da ke gudu rani da damina.

Sai dai gundumar Kance, wadda Matameye ce hedikwatarta, ƙasar fadama ce. Kwarin Korama ya ratsa yankin, shi ne ya ba Dungu da maƙwabtanta rake da kayan lambu. A ƙidayar 2012 mutanen gundumar sun kusa 400,000 a ƙananan hukumomi tara, yawancinsu a ƙauyukan da ba su kan kwalta. Daga Yuli zuwa Satumba kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini kan cika maƙil a bakin gidaje. Koramar da ake tsallakawa da takalmi a watan Mayu sai ta koma ta kai wa babba ƙirji bayan ruwan dare ɗaya. Ga rijiyoyin lambu masu faɗin baki, babu murfi, babu shinge. Yara na wanka, 'yan mata na wanki, makiyaya na shayar da dabbobi.

Daminar 2024 ta nuna iyakar abin. Gwamnatin Nijar ta ce mutum 396 suka rasu a ambaliyar shekarar, fiye da miliyan ɗaya da rabi abin ya shafa, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa na cikin waɗanda suka fi jin jiki. A watan Agusta ruwa ya tafi da motocin 'yan kasuwa a kusa da Tawa, fiye da mutum 50 suka mutu a lokaci guda. A farkon Satumba tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya rushe. Ita kanta Yamai sai da ruwa ya yanke babbar hanyar da ta haɗa ta da gabashin ƙasa, aka koma tsallakar da mutane a kwale-kwale. In babban birni ya koma fito, ba sai an faɗi halin da ƙauyen da ke bayan korama yake ciki ba.

Kuma a nan ba wanda ya nutse kaɗai ne ruwa ke tsarewa ba. Watannin da hanyoyi ke yankewa su ne watannin zazzaɓin cizon sauro da tamowa, lokacin da asibitocin yara na kudancin Damagaram ke cika har gado ya yi kaɗan. Asibitin Magarya, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tun 2005, ya yi suna a kan haka. Mai naƙudar da jini ya ɓalle mata, da yaron da ke jijjiga, da manomin da maciji ya sara a gona, duk hanya ɗaya suke bi: amalanke ko kabu-kabu zuwa ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, daga nan zuwa cibiyar lafiya da ake kira CSI, majo ya duba ya kira motar asibitin gunduma, in abin ya fi ƙarfin Matameye a wuce Damagaram. Kowane mataki da jiransa. In korama ta kawo, motar kan tsaya a wancan ƙetare, a ɗauko majinyaci a kafaɗa ko a kan ƙyauren ƙofa a tsallako da shi.

Wa zai zuba mai?

Nijar ta yi ƙoƙari wajen sauke wa talaka kuɗin asibiti. Tun 2005 aka mayar da tiyatar haihuwa kyauta, a 2006 aka ƙara da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon ciki, ko da yake cibiyoyin lafiya sun sha kukan jinkirin biyansu kuɗin da suka kashe. A Agustan 2024 gwamnati ta sanar da rage kuɗin jinya da rabi a asibitocinta daga 1 ga Satumba, haihuwa kuma ta zama kyauta.

Duk wannan ya shafi wanda ya riga ya iso ne. Tafiyar kanta, wato man mota da gyaranta da taya, ita ce ta fi zama a wuyan dangi. Magidancin da aka ce ya kawo kuɗin mai da tsakar dare a watan Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba, sai ya fara zagayen maƙwabta ko neman mai sayen akuya. Sa'a guda ta tafi a nan.

A gundumomi da dama na ƙasar an gwada wata dabara: duk wanda ya zo ganin likita ya ƙara dala ashirin, wato sefa 100, a tara a asusu guda don man motar ɗaukar marasa lafiya, yadda ranar da ta ɓaci ba za a tambayi kowa ko sisi ba. Inda aka riƙe asusun da amana, ya yi aiki. Lambobin gaggawa kuma suna nan, 15 ta motocin agajin likita, 18 ta 'yan kwana-kwana, amma ƙarfinsu a manyan birane yake. Mutumin ƙauye ya fi dogara da lambar majo ko ta wani mai babur da ya sani, in akwai caji, in akwai layi.

Abin da bai fi ƙarfinmu ba

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya kan nutsewa, wanda ya fito a Disamban 2024, ya ce mutum 300,000 ruwa ya ci a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Daga shekarar 2000 mace-macen, in aka auna su da yawan jama'a, sun ragu da kashi 38 cikin 100 a duniya, a Turai da kashi 68, a Afirka da kashi 3 kacal. Kuma wannan lissafi bai haɗa da waɗanda suka mutu a ambaliya ko hatsarin jirgi ba. Wato yaran Badau ba sa ciki. Rahoton ya ƙara da cewa ƙasa ɗaya cikin uku ce kawai ke da shirin koya wa jama'ar gari ceto da farfaɗo da wanda ya nutse.

A ganina nan ne ya kamata a fara, domin shi ne mafi araha. Kowane mashigi yana da sarkin ruwa ko shugaban 'yan fito. Sarkawan Yawuri da Argungu sun gaji ruwa kaka da kakanni, babu mai koya musu nutso. Abin da ya rage musu shi ne horon yini ɗaya ko biyu kan abin da za a yi bayan an fito da mutum, a kuma riƙa maimaita shi kafin kowace damina don kada hannu ya manta. Ƙungiyar agaji ta Kuros Ruj a Nijar da takwararta ta Najeriya sun daɗe suna irin wannan horo. 'Yan agajin ƙungiyoyin addini, waɗanda ba a taron da ake yi babu su, a shirye suke da kakinsu da tsarinsu. A Nijar ga wakilan lafiya na ƙauye da ke bi gida-gida da maganin zazzaɓi. A Matameye ga 'yan kabu-kabu, waɗanda su ne motar asibitin da ta fi kowace saurin zuwa.

Dole kuma a horar da mata. Yawancin waɗanda suka mutu a hatsarin 2008 na Bagwai da na Dandeji mata ne da 'yan mata, kuma kowa ya san namiji zai yi jim kafin ya sa bakinsa a na matar da ba tasa ba a gaban jama'a. Malamai na da rawar takawa a nan, domin hukuncin lalura sananne ne a fiƙihu, huɗubar Juma'a ɗaya a farkon damina za ta kawar da shakkar mutane da yawa. Amma samun mace biyu ko uku da suka iya a kowace unguwa ya fi sauƙi.

Ƙasar Bangaladesh, wadda ita da Ayalan suka jagoranci ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya na Afrilun 2021 da ya ware 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da nutsewa, ta gwada wani abu mai sauƙi. Ana tara ƙananan yara a gidan wata mata da aka horar daga ƙarfe 9 na safe zuwa 1 na rana, lokacin da iyaye mata suka fi shagala da aiki. Bincike ya nuna nutsewa ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 a tsakanin yaran da ke zuwa. A ƙasar Hausa waɗannan su ne sa'o'in da gida ke watsewa zuwa gona a lokacin noma, a bar na goye da yayyensu 'yan shekara bakwai.

Sauran kayan ba su da yawa: igiya da jarkar da babu komai a cikinta a rufe, wadda za a jefa wa mai nutsewa maimakon wanda bai iya ruwa ba ya bi shi su tafi tare, bargo, 'yar jakar hura iska a cibiyar lafiya mafi kusa, na'urar tace oksijin mai aiki da hasken rana, da lambar waya guda da aka rubuta a bangon masallaci. Ranar kasuwa da ranar Mauludi da ranar ɗaurin aure kuwa, ranakun da kowa ya san mashigi zai cika, ba abin da zai hana ƙaramar hukuma ta ajiye ma'aikacin lafiya ɗaya da babur a bakin ruwa daga safe zuwa magariba. Jirgin Lolo da na Sambera da na Goronyo duk kasuwa suka nufa, kuma ranar kasuwa ba ta zuwa ba sanarwa.